Koren Kati Talatin da Huɗu

Ranar da yaran ƙungiyar kimiyya ta garinmu Velda suka zaɓi 'yata Delaney shugaba, ban yi murna yadda ya kamata uwa ta yi ba. Na dai ce mata madalla, na ƙara mata nama a faranti. Shekarunta goma sha huɗu. Ni ina da sha bakwai na haife ta, kuma na san bakin mutanen ƙaramin gari: kuskure ɗaya za ki yi, su riƙe miki shi har ki yi furfura. Tun tana jaririya na ɗaukar wa kaina alkawari ba za a nuna ta da baki yadda aka nuna ni ba.

Duk Talata da yamma suke haɗuwa a zauren 'yan kwana-kwana. Yara tara ne, sai Malama Oltmans, wadda ta shekara talatin tana koyar da kimiyya kafin ta yi ritaya. Dokarta guda ce: yara su yi taronsu, su zaɓi aikinsu, su raba shi a tsakaninsu. Mu iyaye namu tuƙi ne da kawo abin taɓawa, sai zama a kujerun baya, baki a rufe. Mijina Garrett yana tuƙa motar dakon shanu, sai ya kwana biyar ba ya gida, don haka duk zirga-zirgar a kaina take, da jaririna Emmett ɗaure a kujerarsa ta baya.

Aikin da suka zaɓa bana gwajin ruwan sha ne. Kowa a wannan yanki na Nebraska ya san takin zamanin da ake zuba wa masara ba ya tsayawa a gona. Wani yana bin ruwa ya sauka ƙasa, ya shiga rijiyoyi. Naitiret ake ce masa. In ya wuce goma a ma'auni, ruwan ba na jariri ba ne, ba na mai ciki ba. Yaran suka bi gidajen gona ɗaya bayan ɗaya, su tsoma 'yar takardar gwaji su duba launinta, sannan su cika kwalba a aika birni a tabbatar. Gidan da ya tsira a ba shi koren kati, wanda bai tsira ba a ba shi ja, a haɗa shi da ofishin lafiya. Delaney ce ta rubuta matakan aikin, guda bakwai, da kyakkyawan rubutunta. Na farko: a je famfon kicin. Na biyu: a bar ruwan sanyi ya zuba minti uku. Haka har ƙasa.

Gida arba'in da ɗaya suka shiga. Bakwai suka sami ja, talatin da huɗu kore. Namu kore. Na surukina Baba Lumir, da ke tsallaken fili a gona ɗaya da mu, shi ma kore, don burtsatse ɗaya muke ja, kuma uku kacal ya nuna. Suka zana taswirar kwarin a ƙaton kwali, kowane gida da ɗigonsa, za su kai bikin baje kolin gunduma. Wanda ya zo na ɗaya a can shi ke tafiya na jiha. Ni na sayo musu gam.

Saura sati biyu bikin, wata Asabar da hantsi, ina kicin zan haɗa wa Emmett madara. Watansa huɗu. Nono yake sha, amma tun da na koma aiki rabin yini a asibitin dabbobi na fara ba shi fida ɗaya a rana. Na ɗauko shuɗiyar jarka na tsiyaya ruwa a butar shayi. Delaney na zaune a tebur tana cin burodi. Sai na ga ta daina tauna.

"Mama, wannan ruwan na ina ne?"

"Na ina kuwa? Na tsohon famfo mana. Yau kika fara ganin jarkar? Ba ke kika ciko ta jiya ba?"

Ruwan burtsatsenmu ɗanɗanon ƙarfe gare shi. Da shi muke wanka da wanki da wanke-wanke. Na sha kuwa, da na gahawa, da na kwaɓin burodi, daga tsohon famfon tuƙa-tuƙa da ke gindin bishiya a bakin gona muke ɗebowa. Haka na tarar ana yi da na auro gidan, kuma tun Delaney tana shekara bakwai cika jarkar aikinta ne.

Ta tashi ta ɗauko akwatin gwaji, ta zuba ruwan jarkar a kofi, ta tsoma takardar. Minti ɗaya ake jira. Kafin rabinsa takardar ta rine, ta wuce ruwan hoda ta doshi ja. Ta kara ta da jadawalin launi.

"Ya wuce ashirin."

"Ai tafasawa nake yi," na ce. "Kullum sai ya tafasa sosai kafin in haɗa masa."

"Mama, tafasawa ƙara shi take yi. Ruwan ne ke tashi tururi, shi ya zauna."

Na sani. A jikin kwalinsu aka rubuta, ni na riƙe mata kusurwar takardar tana mannawa. Na karanta, na ce wannan maganar masu jan kati ce.

Ban tuna yadda na ɗaure Emmett a mota ba. A asibiti nas ta duba leɓɓansa da faratansa, aka ɗebi jininsa, muka zauna jira. Likita ta fito ta ce lafiyarsa lau, fida ɗaya a rana na sati uku bai kai ya yi masa illa ba, amma daga yau a daina. Na sa fuskata a wuyansa na yi kukan da na riƙe tun daga gida. Muka biya kanti na lodo ruwan roba cike da but ɗin mota.

A hanyar komawa na ga Delaney tana lanƙwasa yatsu, leɓɓanta na motsi.

"Me kike ƙirgawa?"

"Gidajen da ke da tsohon famfo irin namu. Gidan Sedlacek. Gidan Pokorny. Gidajen 'yan Mach, duka biyun. Mama, ba wanda muka tambaya inda yake shan ruwa. Kicin kawai muka shiga, muka ba su kore."

Na rage gudu. Abin da ya fara zuwa kaina, in faɗi gaskiya, ba gidajen ba ne. Fuskarta na hango a gaban jama'a, da mata a bakin coci suna ƙus-ƙus.

"Saurara," na ce. "Ki bar wannan a hannuna. Zan bi su ɗaya-ɗaya a waya, kamar hira, in ce mu dai mun gwada tsohon famfonmu mun ga abin mamaki. Ba sai sunanki ya fito ba. Ku kai kwalinku yadda yake, in an gama biki a gyara a hankali."

"Matar Dwayne Pokorny cikinta wata bakwai. Katinmu na manne a firjinta."

"Ita zan fara kira."

"Ki ce mata me? Katin ya ce ruwanta lafiya, da sa hannuna. Hira za ta yarda da ita ko kati?"

"Delaney, takardar matakan nan kowa ya karanta ta. Malamarku ma ta karanta. Don me za ki ɗauki kayan mutum goma ke kaɗai?"

"Ni na rubuta," ta ce, ta juya tana kallon masara ta taga.

Da muka isa gida ta ce da Kaka, wato Baba Lumir, za ta fara. Muka same shi a rumfar tarakta yana wasa wuƙar injin yankan ciyawa. Shekarunsa saba'in da takwas, kuma tun da aka zaɓe ta bai sake kiran sunanta ba.

"A'a, ranki ya daɗe! Shugabar kwalabe da kanta? Yau me za a gwada, fitsarin shanu?"

"Kaka, ruwan tsohon famfo na gwada. Ya wuce ashirin."

"Ashirin ɗin me? Shekara? Ai ya wuce ɗari."

Ta nuna masa takardar, ta yi masa bayani. Ya ajiye wuƙar.

"Kakana ya haƙa rijiyar nan da hannunsa, tun babu ko bishiya ɗaya a filin nan. Ubana ya sha ya kai casa'in da ɗaya. Ni ga ni. Ke kanki da shi aka raine ki, shi ya sa kan ya yi kaifi har kika zo koya mini karatu."

"Zamanin kakanka ba a zuba takin zamani, Kaka. Rijiyar ba ta da zurfi, masara kuma ta zo har gindinta."

"To. Masarar wa? Takin wa?"

Sai a lokacin na gane inda abin ya soke shi. Shekara hamsin shi ke zuba takin nan da hannunsa.

"Ban ce laifinka ba ne," in ji Delaney.

"Ba ki faɗa ba."

"Katin da muka ba ka nake so ka dawo mini da shi. Ba daidai ba ne."

"An ba ni kati da sa hannun shugaba, na manna a firji. Abin da na haɗiye ba na amayarwa."

"Baba," na ce, "daga asibiti muke da Emmett."

Ya dube ni, ya dubi yaron, ya daɗe. Da na ce masa lafiya lau sai ya ɗauki wuƙarsa.

"Yaro a ba shi na kanti. Ni tsoho a bar ni da ruwana."

Ranar Litinin, a lokacin hutun aiki, na kira Malama Oltmans ba da sanin Delaney ba. Na gaya mata komai, na roƙe ta gobe ita ta yi wa yaran bayani, ta ce kuskuren tsari ne, ba na kowa ba.

"Shawna," ta ce, "'yarki ta riga ki. Tun Asabar da la'asar ta kira ni. Gidaje huɗu ne masu jariri ko mai ciki, ta kira su duka ina kan layi ina ji, don waɗannan ba sa jiran Talata."

Ina wankin kayan Emmett a lokacin, ashe.

"Ni ma na karanta takardar ban gani ba, kuma zan faɗi nawa rabon. Amma ba zan cire mata magana daga baki ba. In na karɓe mata wannan, na karɓe shugabancin ke nan, ko da sunan yana nan."

"Yarinya ce, Malama. Za su yi mata ca."

"Za su yi. Ki zo ki zauna inda za ta gan ki."

Ranar Talata Delaney ta shiga zauren da shuɗiyar jarkar, ta dire ta a kan tebur. Ta raba wa kowa takardar gwaji, ta ce su tsoma. Sai da takardu tara suka rine sannan ta yi magana. Ta faɗi inda ruwan ya fito, ta faɗi cewa gidan yana da koren kati, ta ce matakin farko da ta rubuta shi ne kuskuren, kuma a ganinta sai sun koma gida talatin da huɗu sun karɓo katunan.

Tanner Hruby, wanda ya zana taswirar, ya buga tebur.

"Sati shida! Sati shida karnukan mutane suna yayyaga mana wando, yanzu ki ce mu koma? Taswirar fa? Kwana huɗu na yi a kanta!"

"Ai ba ƙarya muka yi ba," in ji wata. "Famfon kicin muka ce, famfon kicin muka gwada. Lambobin gaskiya ne. Mu kai haka."

"Karanta mana abin da ke jikin katin," in ji Delaney.

Yarinyar ta ɗauko ɗaya ta karanta a hankali: "Ruwan shan wannan gida ya cika sharaɗi."

"Ruwan sha muka rubuta."

Marisol Cuevas na zaune ta harɗe hannu. Shekarunta sha shida, ƙuri'a ɗaya ta raba ta da shugabancin, kuma ba ta manta ba.

"To, Malama mai matakai bakwai," ta ce. "Ashe na takwas a hanya ya faɗi."

Aka yi dariya. Na ga wuyan Delaney ya yi ja har kunne.

"In kuna so in sauka, zan sauka. Marisol ta karɓa. Amma ko ni ko ita, sai an koma gidajen nan."

Muryarta ta karye a ƙarshe. Ban san na miƙe ba sai da na ji uwar Tanner ta ja gefen rigata.

"Zauna, Shawna," ta raɗa mini. "Nawa ɗan ma ji nake kamar in shaƙe shi, ga ni a zaune."

Na zauna. Marisol ta warware hannunta.

"Ke, dakata. Ki ɓarar da miya sannan ki miƙo mini tsumma? A'a. Wanda ya ɓarar shi ke kwashewa. Zauna a kujerarki." Ta juya ga sauran. "Mu a gidanmu ba ma shan na famfo ko kaɗan, daga injin kanti muke cikowa. Sau nawa na karanta takardar nan? Kullum tana aljihuna. Ban taɓa cewa uffan ba."

Malama Oltmans ta ɗaga hannu daga kujerarta kamar ɗaliba, ta jira sai da Delaney ta ba ta dama. Ta ce ita ma ta duba matakan ta sa hannu, kuma a gidan da ta girma jarka biyu suke ajiyewa a bayan ƙofa.

Suka kaɗa ƙuri'a. Bakwai suka ce a koma, biyu suka ce a'a.

Abin da ya biyo baya ban san 'yata ta iya shi ba. Ta ciro jerin gidajen, ashe tun Lahadi ta raba su uku bisa hanya, don kada motocin iyaye su yi ta zagaye. Ta ce a kira kowane gida kafin a je. Ta ce kafin a buɗe akwati a fara tambaya: ina kuke ɗebo na sha, ina na girki, ina na jariri, a nuna mana. Marisol ta ɗauki gidajen da aka fi jin Sifaniyanci. Tanner, wanda ya kaɗa a'a, yana ta cin magani, ta dube shi.

"Taswirarka ba za a yar ba. Ɗigo biyu kowane gida zai samu, na kicin da na sha. Ba wanda zai iya wannan sai kai."

"Daɗin baki," ya ce. Amma ya jawo kwalin gabansa.

Kwana goma muka yi a hanya. Wasu suka miƙo katin suna dariya, wasu suka ce sun yar, sai an duba ƙarƙashin takardun coci a jikin firji. Gidan Pokorny ne nake tsoro, kuma a rukunin Delaney ya faɗo. Na tsaya a bakin shinge, injin a kashe, gilashi a sauke. Dwayne ya fito tun kafin ta ƙwanƙwasa, ƙato, hula a ƙeya.

"Ku ne masu katin? Sati biyar matata tana sha hankali kwance saboda takardar banzarku!"

"Haka ne," in ji Delaney. "Ni na rubuta matakan, ban sa a tambayi inda kuke sha ba. Ka yi haƙuri."

"Haƙuri? Wasan yara da ran mutane!" Ya leƙo motata, ya gane ni. Ajinmu ɗaya a sakandare. "Au, 'yar Shawna ce? To, ba abin mamaki."

Hannuna ya kai kan mabuɗin ƙofa. Shekara goma sha huɗu ina tanadin amsar wannan maganar, kuma ta zo har bakina.

"E, 'yarta ce," in ji Delaney. "Ina famfon yake?"

Sai ga matarsa Kendra ta fito tana tura ciki, katin a hannunta.

"Kai, Dwayne, matsa ka ba mutane wuri. Shekara talatin kana shan ruwan nan ba ka taɓa gwada shi ba, sai yarinya ta zo da ƙafarta ta ce ta yi kuskure sannan ka sami murya? Zo, 'yar nan, yana bayan rumbu. Na je wurin likita tun ranar da kika kira, ta ce ba komai."

Sha shida ya nuna. Dwayne da kansa ya tuƙa musu famfon, fuska a murtuke. Da Delaney ta dawo mota ta rufe ƙofa, na miƙa mata ruwa.

A ƙarshe, cikin gidajen da aka ba kore, sha biyu ne ba na kicin suke sha ba, kuma biyar daga cikinsu sun wuce goma, har da namu da na Baba Lumir. Sakamakon birni ya dawo ya tabbatar. Katuna talatin da uku suka taru a kwalin takalmi a ƙarƙashin gadon Delaney. Saura ɗaya, na Baba Lumir. Sau biyu ta je, sau biyu ya ce yana da aiki.

Safiyar bikin, mun ɗaure kwalin taswirar a bayan a-kori-kura, na ga tana kallon tsallaken fili.

"Yanzu zai fita ba shanu abinci," na ce. "Ƙofarsa ba ta kulle. Minti ɗaya ne in ciro miki shi."

"In kin sato katin, zai daina shan ruwan?"

Na ɗauki Emmett na bi ta. Ba ta nufi gidan kai tsaye ba, sai da ta biya ta gindin bishiya ta tsaya tana duban tsohon famfon. Ta durƙusa ta taɓa ƙasar.

Muka same shi a kicin da kofin gahawa a gabansa. Katin na nan a firji.

"Ranki ya daɗe, ba ku tafi karɓo kambun ba?"

"Kambu da wuya, Kaka. Kwalinmu duk gyara ne. Na ga gindin famfo a bushe, har ƙasar ta tsage."

"Kafaɗata ke ciwo."

"Tun yaushe?"

"Ke likita ce?" Ya kurɓi gahawar ya yamutsa fuska. "Sati biyu ina shan romon ƙusa. Ko jakin maƙwabci ba zan ba wannan abin ba."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Akwai matacin da ake sa wa burtsatse, yana cire ɗanɗanon ƙarfen. Na karɓo takardarsa a ofishin lafiya. Babanmu ya ce zai ɗaura in ya dawo."

"Daga nan kuma ku zo da siminti ku toshe rijiyar kakana."

"Wa ya ce? Kaka, ruwan da taki ke ciki fa. Tumatirinka da kake ta zagi bana, da shi za ka riƙa ba su. Taki ne da ka riga ka zuba, ya dawo maka."

Ya dube ta ta saman tabarau. Gefen bakinsa ya motsa.

"Wato shekara hamsin ina tara wa tumatir gado."

"Sai dai a rubuta a jiki cewa ba na sha ba ne, saboda baƙi da yara."

"Ni zan rubuta. Rubutunki ya ja mana isasshiyar magana."

Ya miƙe da ƙyar, ya je firji, ya zare katin daga ƙarƙashin maganaɗisu. Ya riƙe shi ya ƙara karantawa, sannan ya ajiye a gabanta. Ta ciro ja daga aljihu ta miƙa masa. Ya jujjuya shi.

"Wannan ma da sa hannun shugaba?"

"Da na Marisol. Yanzu mutum biyu ke dubawa."

"Gara haka." Ya manna shi a inda koren yake, ya danna da babban yatsa. "Emil, ƙanen tsohon Sedlacek, yana cikin jerinku?"

"A'a. Gidansa ya tsallake iyakar gunduma."

"Ruwa ya san iyakar gunduma? Rijiyarsa shekara ɗaya aka haƙa da tawa, kuma jikarsa ta haihu watan jiya, suna can. Kurma ne, ba ya ɗaga waya, karensa kuma ba ya son baƙi."

Delaney ta dubi agogo, ta dube ni. Ƙarfe tara ake rufe karɓar kwalaye.

"Ku kai kwalinku," in ji shi, yana laluben hularsa. "Ƙarfe biyu zan zo in ɗauke ki a ƙofar rumfar awaki ta filin bikin. Ki taho da akwatin, da mai bakin nan, Marisol. Ni zan riƙe karen."